Ranar da wayoyin ofis suka yi tsit: yadda na samu kayan umarni na FreePBX da Asterisk

Shekara huɗu ke nan ina kula da sabar waya ta wani kamfanin dillancin kayan gini a Kano, mai babban ofis ɗaya da sito biyu, da wayoyin tebur ashirin da shida waɗanda dukkansu ta intanet suke kira. Sabar tana aiki ne da FreePBX, wato shafin gudanarwa da aka ɗora a kan Asterisk, manhajar haɗa kiran waya da Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999 a jihar Alabama ta Amurka, wadda ta koma hannun kamfanin Sangoma na Kanada bayan da ya sayi Digium a 2018. Yawancin masu yabon FreePBX shafinsa na burauza suke yabo, inda mutum zai buɗe sabuwar lambar ciki, ya tsara hanyar da kira zai bi, ya danna jan maɓalli ya tashi abinsa. Ni kuwa a kan kayan da ake rubuta wa umarni a baƙin allo nake son yin magana, domin su ne suke rage wa mutum a ranar da shafin ya ƙi buɗewa, wayoyi suka daina ƙara, maigida kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran bayani. Guda uku ne hannuna ya saba da su: zauren umarni na Asterisk, da fwconsole, da sngrep. Bayan wannan tsawon zama da su, abin da na fahimta shi ne ba matsayinsu ɗaya ba wajen faɗin gaskiya, kuma wanda ya fi kusa da igiyar sadarwa shi ya fi cancantar a yarda da shi.

Zauren Asterisk shi ne babban gida. Ana shigarsa da rubuta asterisk -rvvv, inda harafin r yake nufin a haɗa ka da Asterisk ɗin da yake aiki a lokacin, kowane v kuma yana ƙara yawan bayanin da za a nuna maka. Da zarar wani ya ɗaga waya ya buga lamba, za ka ga kiran yana tafiya a gabanka layi bayan layi: daga wace lambar ciki ya fito, wace ƙa'ida ta karɓe shi, ta wane babban layi, wato layin da yake haɗa ofis da waje, aka fitar da shi, da kuma inda ya tsaya idan ya tsaya. Umarnin pjsip show endpoints yana jera wayoyin ofis duka da halin da kowace take ciki, pjsip show registrations kuma yana gaya maka ko kamfanin da ya ba ka babban layi ya karɓi rajistarka ko ya ƙi ta. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su warware mafi yawan ƙorafin da ake kawo mini da safe. Wani abin da nake yaba wa zauren shi ne ba ya buƙatar haddar umarni, domin idan ka rubuta farkon kalma ka danna Tab zai ƙarasa maka ko ya nuna maka zaɓin da ke gaba. Haka kuma da asterisk -rx za ka iya jefa umarni guda ɗaya daga waje, ka karɓi amsa ba tare da ka shiga ciki ba, abin da yake da matuƙar amfani ga mai son rubuta ɗan shirin da zai riƙa duba sabar da kansa cikin dare.

Aibinsa shi ne surutu. Tsarin kira da FreePBX yake rubuta wa Asterisk yana da tsawo ƙwarai, ta yadda kira guda ɗaya kan zubo da layuka masu yawan gaske, idan kuwa mutum biyar suna waya a lokaci guda sai bayanan su cakuɗe su riƙa gudu sama kamar ruwan kwata bayan mamako. Na ɗauki watanni ina zare ido a allon kafin in gane cewa ba a nan ake karatun ba. Kowane kira yana da lambar shaida da take farawa da harafin C, kuma ana rubuta ta a kowane layi na kundin da ke /var/log/asterisk/full. Idan ka samo lambar kiran da ake ƙorafi a kansa, ka tace kundin da grep, umarnin da yake zaƙulo layukan da suke ɗauke da kalmar da ka ba shi, sai labarin wannan kira shi kaɗai ya fito maka daga farko har ƙarshe. Wannan dabara ta cancanci a rubuta ta da manyan baƙaƙe a shafin farko na kowane littafin koyarwa, amma sabon shiga sai ya sha wuya kafin ya ci karo da ita.

Akwai kuma hatsarin da ya kamata a faɗa wa duk wanda za a miƙa wa kalmar sirri. Zauren ba ya tambayar ko ka tabbata. Wanda yake son fita kawai exit zai rubuta, amma wanda ya rubuta core stop now ya kashe Asterisk ɗin gaba ɗaya, ya katse duk wanda yake magana a wannan daƙiƙa, har da mai cinikin tirelar siminti. Akwai hanya mai ladabi, wato core restart when convenient, wadda take jira sai layuka sun zama babu kowa a kai. Da so samu ne, da umarnin da yake yanke kira ya riƙa nuna yawan mutanen da ke kan layi kafin ya aiwatar.

Jarrabawar gaskiya ta zo mini wata Litinin cikin damina. An ɗauke wuta tun daren Asabar, hadari ya hana sola caji, batiran inbata suka ƙare, sabar ta mutu ba tare da an rufe ta yadda ya dace ba. Da aka tayar da janareta da safe, injin ya kunnu, fitilunsa suna walƙiya, amma babu wayar da ta yi rajista. Malamar da take karɓar kira ce ta fara tare ni a matattakala, ta ce, "Injiniya, tun ƙarfe takwas ko ƙara ɗaya ban ji ba, kuma Alhaji ya tambaye ni sau biyu." Na buɗe shafin burauza na tarar da saƙon kuskure, na koma baƙin allo na rubuta asterisk -r, sai ya amsa mini da jimlar da duk mai wannan sana'a ya sani: "Unable to connect to remote asterisk", sannan ya tambaye ni ko fayil ɗin /var/run/asterisk/asterisk.ctl yana nan.

Wannan tambaya tana ɓatar da mutane da yawa, kuma ina ganin ta a matsayin babban rauni a yadda aka tsara saƙon. Mai karantawa zai ɗauka wani fayil ne ya ɓace wanda ya kamata ya nemo ko ya ƙirƙira da hannu, alhali ƙofar sadarwa ce da Asterisk yake buɗewa da kansa idan ya tashi. Rashin samunta yana nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku: ko Asterisk bai tashi ba sam, ko ya tashi amma wanda yake neman shiga ba shi da izini, ko kuma an sauya wurin da ake ajiye ƙofar a cikin asterisk.conf. Da saƙon ya ce kawai babu Asterisk mai aiki a injin nan, da ya rage wa mutane wahalar da ba ta da dalili. A wannan yanayi ne kuma wasu suke rubuta asterisk shi kaɗai a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan injin, don su tayar da shi, sai ya tashi ya riƙa ƙirƙirar fayiloli da sunan root, daga baya FreePBX ya kasa taɓa su, gyara ya haifi wata ɓarnar.

Na juya ga fwconsole, wanda shi ne aka tanada don tayar da komai bisa tsari. Na rubuta fwconsole start, sai ya watso mini dogon saƙon kuskure na PHP mai ɗauke da kalmar SQLSTATE, ma'ana ya kasa isa ga rumbun bayanai. A nan ne na ga iyakar wannan kayan aiki ƙarara. An rubuta fwconsole da harshen shirye-shirye na PHP, kuma kafin ya yi ko da ƙaramin aiki sai ya karanta /etc/freepbx.conf ya shiga MariaDB, wato rumbun bayanan, ya ɗauko saitunansa. Idan rumbun ya faɗi, shi ma ya faɗi tare da shi, har umarnin da ya kamata ya taimaka wajen gyara. Tamkar makullin sito ne da aka rataye a cikin siton aka ja ƙofa. Tun da kuma ta hannunsa Asterisk yake tashi idan an kunna injin, faɗuwar rumbun ta zama shirun wayoyi ashirin da shida.

Abin da ya fitar da ni ba na FreePBX ba ne kuma ba na Asterisk ba, tsohon umarnin Linux ne mai haruffa kaɗan, df -h, wanda ya nuna cewa faifan ajiya ya cika maƙil. Watanni kafin nan an umarce ni da in riƙa naɗar duk kiran sashen ciniki saboda gardamar farashi da ake yawan yi da abokan hulɗa, muryoyin kuma suna taruwa a /var/spool/asterisk/monitor ba mai kwashewa. MariaDB ta nemi wurin da za ta rubuta abin da take buƙata don farfaɗowa daga mutuwar bazata, ba ta samu ba, ta ƙi tashi. Na kwashe tsofaffin muryoyin zuwa faifan waje, na tayar da rumbun da systemctl, na duba lafiyar teburan tarihin kira da mysqlcheck, sannan na rubuta fwconsole chown, na bi shi da fwconsole start. Kafin in gama miƙewa daga kujera wayar teburin karɓar baƙi ta yi ƙara. Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, an samu?" Na ce, "An samu, ranka ya daɗe, amma akwai maganar faifai da batira da nake so mu zauna a kanta." Tun daga ranar na sa ɗan shiri yana auna faifan kowace safiya, yana kuma kwashe muryoyin da suka wuce wata uku.

Kada wannan labari ya sa a ɗauka fwconsole ba shi da amfani. Matuƙar rumbun bayanai yana tsaye, yana rage aiki sosai. Umarnin chown da na ambata yana mayar da mallakar fayiloli ga mai su na asali, kuma shi kaɗai yana warkar da cututtuka da dama da suke bayyana da fuskoki daban-daban, ko da yake yana ɗaukar lokaci idan muryoyin da aka naɗa sun yi yawa. Da fwconsole reload ake yin aikin jan maɓallin nan na shafin burauza, kuma idan ya gaza yakan faɗi dalili fiye da yadda shafin yake faɗa. Da fwconsole ma list ake ganin sassan da aka girka da waɗanda suka lalace, da fwconsole firewall trust kuma ake buɗe wa wani adireshi katangar tsaro. Sai dai duk wanda zai yi reload ya san cewa FreePBX yana sake rubuta fayilolin da sunansu ya ƙare da additional daga abin da ke cikin rumbu, saboda haka gyaran da aka yi musu da hannu zai shafe ba tare da gargaɗi a allo ba. Wurin gyaran hannu shi ne fayilolin da suke ɗauke da kalmar custom, kamar extensions_custom.conf. An rubuta wannan gargaɗi a saman fayilolin, amma mai gaggawa ba ya karanta saman fayil.

Wata matsalar da ta shafi kayan biyu ita ce tsufan bayanan da ke yawo a intanet. FreePBX ya fara ne da sunan Asterisk Management Portal, shi ya sa tsohon umarninsa yake amportal, kuma sai a FreePBX 13 fwconsole ya gaje shi, amma har yau za ka ga shawarwarin da suke cewa a rubuta amportal restart. Haka abin yake a ɓangaren Asterisk: sip show peers da aka yi shekaru ana amfani da shi na chan_sip ne, tsohon sashen da yake magana da wayoyi, wanda aka cire gaba ɗaya a Asterisk 21 a 2023, aka bar PJSIP da ya shigo tun Asterisk 12. Yaron da nake koya wa aiki ya taɓa ɓata rabin yini yana bin irin wannan shawara, zauren yana ta ce masa babu wannan umarni, shi kuma yana zaton sabar ce ta lalace. Abin da na fara koya masa bayan nan shi ne core show version, domin ya san da wa yake magana kafin ya nemi magani.

Na bar sngrep a ƙarshe ne saboda shi na fi ƙauna, kuma shi ne ba ya cikin iyalin. Kamfanin Irontec na ƙasar Sifaniya ne ya samar da shi, kyauta, aikinsa kuma guda ɗaya ne: ya tsaya a bakin katin sadarwa ya saurari saƙonnin SIP da suke shiga da fita, wato saƙonnin da waya da saba suke aika wa juna don ƙulla kira da katse shi, ya zana su a baƙin allo kamar tsani, da kibiyoyi masu nuna wanda ya yi magana da wanda ya amsa. Ba ruwansa da rumbun bayanai, ba ruwansa da ko Asterisk yana raye. Abin da ya bi ta igiya shi yake nunawa.

Darajarsa ta bayyana mini ne lokacin da sito ɗaya ya fara ƙorafin cewa duk kiran da suka yi yana yankewa bayan kusan rabin minti, alhali murya tana fita tangaran kafin ya yanke. Zauren Asterisk bai nuna mini komai ba illa cewa kira ya ƙare. Na buɗe sngrep -c, wanda yake tace komai ya bar kira kaɗai, na ce wa mai kula da siton ya buga mini waya, na danna Enter a kan layin da ya bayyana. Tsanin ya fito sarai: wayarsa ta aiko INVITE, wato neman a ƙulla kira, sabar ta amsa da 100 alamar ta karɓi buƙatar, sannan 180 alamar ana ƙara, sannan 200 alamar an ɗauka. A nan ya kamata wayar ta dawo da ACK, wato ta ce na ji, amma babu shi. Sai ga sabar tana maimaita 200 ɗin nan, kibiya bayan kibiya duk suna fuskantar gefe ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa, har ta gaji ta aika BYE ta katse kiran. Na duba agogon da ke gefen allo, daƙiƙa 32 ne. Wannan adadi ba haɗari ba ne, domin ƙa'idar SIP da aka wallafa a 2002 mai lamba RFC 3261 ta ɗauki rabin daƙiƙa a matsayin ma'auni, ta ce a jira ninkinsa 64 kafin a haƙura. Da na karanta cikin saƙon INVITE ɗin, sai na ga an sauya adireshin da wayar ta rubuta da wani daban, alamar cewa akwai mai sa hannu a hanya. Ashe a makon ne aka sauya musu rauta, wato na'urar da take haɗa su da intanet, sabuwar kuma ta zo da SIP ALG a kunne, wato wani saiti da yake gyara saƙonnin waya da niyyar taimako amma sau da yawa ya lalata su. Aka kashe shi, aka sake kunna wayar, kibiyar ACK ta bayyana a inda ya kamata, muka yi hira ta minti biyar ba yankewa. Duk binciken bai kai minti ashirin ba, kuma ban taka ƙafata zuwa siton ba.

Akwai wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba. Saƙon da yake shigowa, sngrep yana ganinsa kafin katangar tsaro ta yanke hukunci a kansa. Saboda haka idan ka ga waya tana ta aiko REGISTER, wato neman rajista, a sngrep ba amsa, ka kunna pjsip set logger on a zauren Asterisk ba ka ga komai ba, to ka san saƙon ya iso gida amma an tare shi a bakin ƙofa. Da wannan kwatance na gano ranar da fail2ban, shirin da yake toshe adireshin da ya yi ta kuskuren kalmar sirri, ya toshe sito guda sukutum saboda waya ɗaya da aka sa wa kalmar sirri ba daidai ba, tana ta gwadawa har aka ɗauki adireshinsu a matsayin na ɓarawo. Ta nan ne kuma sabon mai koyo yake gane cewa 401 ba laifi ba ne, tambayar shaida ce da sabar take yi a karon farko, 403 ne ƙin karɓa na gaske, 488 kuma yawanci yana nufin ɓangarorin biyu ba su daidaita a kan tsarin matse murya ba. Wanda kuma ya bar ƙofa ta 5060, wadda saƙonnin SIP suke shiga ta cikinta, a buɗe ga duniya, ya zauna da sngrep na sa'a ɗaya cikin dare ya ga baƙin adireshi suna gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ɗauke da sunan friendly-scanner, ba zai ƙara wasa da kalmar sirri ba.

Shi ma yana da iyaka. Idan an rufe saƙonnin da TLS, wato tsarin ɓoye saƙo a hanya, kamar yadda ake yi a ƙofa ta 5061, ba zai iya karanta su haka kawai ba, sai ka koma ga pjsip set logger wanda yake ganinsu bayan an buɗe. Ba kuma zai gaya maka dalilin da ya sa murya take kakkaryewa ba, domin wannan maganar RTP ce, wato tsarin da yake ɗaukar muryar kanta, da ingancin layin intanet, a nan sai ka ajiye abin da ya kama a fayil ka buɗe shi da Wireshark, manhajar nazarin abin da ya bi ta igiya. Amma ajiyewar kanta alheri ce, saboda idan gardama ta taso da kamfanin da ya ba ka babban layi, fayil ɗin nan ne hujjarka, kuma na ga yadda sautin magana yake sauyawa idan aka tura shi.

Dukkan ukun ba a biyan ko kwabo a kansu, ko da yake wasu sassan FreePBX na sayarwa ne. Kuɗin da ake biya shi ne lokacin koyo, da kuma Turanci, domin babu saƙo ɗaya a cikinsu da yake zuwa da wani harshe da yaranmu suka fi sakewa da shi, abin da ya sa na fara rubuta wa yarona ma'anar lambobin SIP da Hausa a wani littafi da muke ajiyewa kusa da sabar. Ga mai ofishin da ba shi da wanda zai zauna ya koyi waɗannan kaya, shawarata ita ce ya sayi hidimar waya daga masu kula da saba a madadinsa. Ga wanda kuwa ya riga ya ɗauki nauyin sabar, ina ba shi shawarar ya girka sngrep tun ranar farko, ya saba da zauren Asterisk a lokacin da komai yake lafiya, ya kuma riƙi fwconsole a matsayin mai taimako ba madogara ba. Aikin da yake gabana yanzu shi ne ƙaura zuwa FreePBX 17, wanda ya fito a 2024 ya koma kan nau'in Linux mai suna Debian 12, kuma kafin in taɓa sabar ofis na ware wata tsohuwar kwamfuta da zan girka shi a kai, in cika faifanta da gangan, in zare mata wuta, in ga wanne daga cikin ukun zai fara amsa mini.